Zanar da Muka Ɗaura wa Hasumiyar Gwamnati

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen jikoki nakan haɗa, amma akwai abu guda da ya ƙi fita, kuma na san ba zan manta da shi ba har ƙasa ta rufe idona. Ya faru ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura, shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori, ina ƙaramar matar aure mai ɗiya guda.

A lokacin an gina babbar hanyar ruwa ta siminti, ta bi ta bayan unguwarmu. Gari kuwa ba a kwance yake ba: manoma na gunaguni kan gonakinsu, ɓarayi na kwance ƙarafan ƙofar ruwa suna sayarwa. Sai gwamnati ta kafa doguwar hasumiya ta ƙarfe a bakin ruwan, da ɗan ɗaki a ƙolinta, ta zuba masu gadi baƙi, kowanne da usur da madubin hangen nesa. Gaskiya sata ta tsaya cak. Har awakinmu da ake ɗauka a bayan gari suka samu lafiya.

Sai dai wanda ya zaɓi wurin bai san mu ba. A garinmu, namiji ko jinka zai gyara, ko kuka zai hau ya yanko ganye, ba ya taka tsani sai ya ɗaga murya: "Maƙwabta, za a hau bisa!" Mata su ja mayafi, mai wanka ta yi sauri ta gama. To ga shi an dasa mana namiji a sama tun fitowar rana har faɗuwarta, ba shela ba sallama. Makewayinmu ba rufi. Muka koma daka da mayafi, kitso a cikin ɗaki, gumi na zuba. Mazanmu na ganin haka, amma zamanin duk wanda ya buɗe baki a kan kayan dam sai a ce yana cikin masu tada fitina.

Ran nan da azahar zafi ya kai ni maƙura. Na ce ko aljani ne a saman nan yau sai na sha iska. Na tuɓe ɗankwali, na tsefe kaina a gindin itacen bedi da ke tsakar gida, barci ya sace ni. Ƙarar usur ce ta tashe ni, da ihun mutane. Kafin in gane me ake ciki aka shigo mini da ɗiyata a jiƙe sharkaf, tana aman ruwa. Ashe ta sulale ta faɗa hanyar ruwan, mai gadi ya hango ta, ya diro ya tsamo ta. 'Yar fari ce, kunya ta hana ni kuka gaban mutane, sai na shige bayan rumbu na yi mai isata.

Da la'asar maigidana ya gayyato mai gadin zaure don ya yi masa godiya. Wani tsohon soja ne, Hausarsa a karkace. Ina laɓe bayan ƙofa na ji yana ba da labari da zuciya ɗaya: "Na ga yarinya ya fita ta ramin danga, bayan wurin girki. Mamansa ya gama taje kai, yana barci ƙarƙashin itace."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mutumin da ya ceto mini ɗiya, shi ne kuma ya ƙare wa kaina kallo ba ɗankwali. Maigida ya sallame shi da mutunci, amma da ya shigo idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce: "Gobe in Allah ya kai mu, ni da samarin unguwa za mu sassare ƙahwahun hasumiyar ga. Abin da za ya hwaru shi hwaru."

Na san ƙarshen wannan magana. Wanda ya taɓa ƙarfen dam, mota ce za ta kwashe shi zuwa Sakkwato, dawowa sai ikon Allah. Na durƙusa na ce: "Malam, in ka kada ta, gobe ɗiyan wa za a tsamo? Ka ba ni izinin hita da rana sau guda, in ban yi komi ba ka yi naka." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya ce na je.

Na aika gida gida cewa kowace mace ta ciro zana guda daga dangarta, tunda dai dangar ta daina tsare mana komai. Da hantsi muka fito, tsofaffi a gaba, mu a baya cikin mayafi, kowa da zana a ka, muka jibge su a gindin hasumiya muka zauna. Masu gadi suka rikice, aka kira shugabansu daga Mafara. Ya fito daga mota fuska a ɗaure, ya ce wa ya turo mu?

Na miƙe tsaye. Na ce: "Ranka shi daɗe, ba mu zo rushe komi ba. Idon ga na sama shi ya hiddo min ɗiyata daga ruwa, ba ni mance alherinai. Amma ɓarawon ƙarhe cikin makewayinmu yake? Ku ɗaura zana ta gehen gari, ku dubi ruwa da kayanku, ku bar muna tsakar gida. Kuma mai hawa shi yi shela kamar kowa."

Ya ce ai in mai gadi ya yi shela, ɓarawo ya ji. Na ce: "Ɓarawon da bai ga wagga hasumiya ba makaho na, ku ƙyale shi." Tsofaffi suka kwashe da dariya, shi ma ya kasa riƙe tasa. Sai ya hau saman da kansa. Bai jima ba ya sauko kansa a sunkuye, don ya hango wata tsohuwa da ba ta iya fitowa ba tana wanka. Ya ce a ɗaura.

Washegari da safe ina tankaɗe a tsakar gida, kaina ba mayafi, na ji muryar tsohon sojan nan daga gindin tsani: "Maƙwabta, za a hawa bisa!" Maigida yana alwala, ya yi murmushi ya ce: "Kin ga gwamnati ta koyi sallama." Gatarin da ya wasa don hasumiyar kuwa, itacen girki ya ƙare da faskarawa.

Yau na ji ana cewa akwai idon gwamnati a kan fitilun titi, har cikin wayar hannu. Ni ba na gaba da ido mai tsaro, don jikokin da nake haɗa sunayensu 'ya'yan yarinyar nan ce da aka tsamo. Abin da na koya shi ne, mai tsaronka ma yana da iyaka, kuma in ka yi shiru ba zai san inda take ba. Ka gode masa, ka nuna masa inda zai duba, inda ba nasa ba kuma ka miƙa masa zana.