Sukari a Hannun Ƙofa

Saura kwana tara in fita takaba Yayata ta kira ni daga La Courneuve, garin da take zaune. Ta gajarta gaisuwa, kamar yadda muke yi a waya.

"Akwati biyu fa, ƙanwata. Ɗakin 'yan mata za ki zauna, kin san girmansa. Kada ki kwaso mini Lyon gaba ɗaya."

Na ce mata to.

Tufafin mijina, wanda nake kira Malam, na riga na aika da su masallaci. Littattafansa abokan aikinsa sun kwashe. Abin da ya rage sandar fatsa ce siririya, da gwangwanin biskit mai ɗauke da kwarkwaro goma sha ɗaya na zaren kamun kifi.

Malam ba a bakin ruwa ya tashi ba. Mutumin Tahoua ne, sai da aiki ya kawo shi Lyon ya koyi fatsa a kogin Saône. Ƙananan kifaye yake bi, da zaren da wani bai fi gashin kai kauri ba, in ya kama kuma ya cire ƙugiya ya mayar da su ruwa. Nakan ce masa, "Mazan mutane na kawo kifi gida, kai sai labari." Sai ya ce, "Kifin sayarwa yana butiki, Hajiya. Ni iska nake zuwa sha."

Yana da wata al'ada. Duk zaren da ya saya, sai ya ɓare takardar da ke kansa, wai ƙarfin da aka rubuta na sabon zare ne, rana da ruwa suna cin sa. Kowace shekara in sanyi ya wuce, sai ya ɗaura zare a hannun ƙofar madafa, ya rataya leda, yana zuba mata fakitin sukari ɗaya bayan ɗaya har zaren ya tsinke. Daga nan ya roƙi zaren ɗinkina, fari ko kore ko ja, ya ɗaura wa kwarkwaron alama. Shekara takwas ina miƙa masa zaren nan. Ban taɓa tambayar wane launi ne na wane ƙarfi ba. Ina girki ne a lokacin, ko ina mitar ya tare mini hanya.

Yana da abokin fatsa, wani Alhaji mutumin Chadi. Matarsa ta zo duba ni, na ce ta gaya masa kayan nasa ne in yana so. Kashegari ta dawo da amsa, tana magana tana kallon ƙasa.

"Alhaji ya ce sandar zai karɓa hannu biyu. Zaren kuwa, in ba a san ƙarfinsa ba, gara a zubar. Kifi zai tsinke shi ya tafi da ƙugiya a baki, marigayi kuma ba ya son haka."

Gaskiya ya faɗa. Amma na kasa tunanin gwangwanin nan a cikin motar shara. Na ce ta ba ni kwana uku.

Da safe na fito da sukarin da masu ta'aziyya suka tara mini, na kilo ɗaya da na rabi. Na yanko zare daga kwarkwaro mai jar alama, na ƙulla shi a hannun ƙofa da irin ƙullin da nake yi a ɗinki, na ja da ƙarfi don ya kama. Na sa rabin kilo. Ya tsaya kaɗan, ya tsinke. Na gwada kore, ya tsinke. Fari kuwa, ko ledar ba ta gama miƙewa ba ya tsinke. Kwana biyu ina haka, har fakiti ɗaya ya fashe, na yini ina taka sukari a ƙasa. Duka goma sha ɗayan, babu wanda ya riƙe kilo guda.

Na yanke cewa sun ruɓe. Watannin jinyarsa da na takabata sun isa su kashe zare. Na sa gwangwanin cikin ledar shara, na ɗaure bakinta, na ajiye a bakin ƙofa don maƙwabciya ta sauka da ita.

Bayan la'asar na zauna in gyara bakin rigar da zan sa ranar fita. Zaren ya ƙi shiga allura, na kai shi baki na jiƙa. Hannuna ya tsaya a nan.

Malam yana lasar ƙullinsa. Kullum, kafin ya ja. Na sha yi masa faɗa.

"Haba Malam, a gaban abinci? Zaren da ya shiga kogi?"

"Busasshen ƙulli ƙone kansa yake yi in an ja shi," in ji shi. "Ke ma ai kina lasar naki."

"Nawa bai taɓa bakin kifi ba."

"Shi ya sa bai san duniya ba."

Na kwance ledar shara. Guntayen zaren da na tsittsinka suna ciki, na duba su a hasken taga. Kowanne a wurin ƙulli ya rabu. Na yanko fari, na naɗa shi sau biyar kamar yadda idona ya saba gani ba tare da na sani ba, na jiƙa da miyau, na ja a hankali. Na sa rabin kilo. Na ƙara rabi. Ledar ta yi lilo, ta tsaya.

Na juya in faɗa wa Malam. Babu kowa a madafar, firiji kawai ke ƙara. Na daɗe a tsaye ina kallon sukarin a rataye.

Fari yana riƙe kilo ɗaya, kore biyu, ja uku. Kwarkwaro biyu sun ruɓe da gaske, na zubar da su. Sauran na rubuta wa kowanne ƙarfinsa a takarda na manna, na bar masa alamar Malam yadda take. Matar Alhaji ta zo ta ɗauka. Daga baya ta ce mijinta ya sake gwada ɗaya a gida, ya ce awon daidai ne, sannan ya shiga ɗaki.

Takwas na ba ta. Fari ɗaya yana cikin kayan ɗinkina a La Courneuve, tsakanin zarurrukan yadin da Yaya ke sayo mini a kasuwar Château Rouge. Bana da sanyi ya wuce na jira kowa ya fita, na ɗaura shi a hannun ƙofar madafarta. Ya riƙe rabin kilo. Ban ƙara masa ba.