Akwatin Baba Kenfack

Ƙarfe shida da rabi Baba Kenfack yake sauka daga acaba a ƙofar jami'armu da ke kan tudun yammacin Kamaru, bakin wandonsa duk jan taɓo, aljihunsa cike da allin da ya saya da kuɗinsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana koyar da lissafi. Ɗalibai ɗari biyar a zaure ɗaya, muryarsa ta daɗe da dusashewa, kuma ko sau ɗaya ba a ƙara masa girma ba. Wallahi abin da ban takaici.

Darasinsa bai taɓa canjawa ba. Zai ɗiga alli a allo, ya zana ɗan akwati kewaye da ɗigon. "Idan kun san inda abu ya fara da ƙa'idar sauyawarsa, lissafi ya yi alkawarin akwai amsa. Amma a cikin akwatin nan kawai. In kun leƙa waje, ba ruwana." Duk wanda ya ɗaga hannu da amsa, tambaya ɗaya ce ke jiransa: "Har ina?"

Bara ɗalibarsa Solange Tsafack ta kawo masa kundin digirinta na biyu, saura kwana biyar ta kare shi gaban alƙalai. Danginta sun riga sun ɗinka anko, an yi hayar mota daga ƙauye. A shafi na arba'in ya tsaya. Ta rubuta cewa amsarta tana tafiya har abada.

"'Yata, wa ya faɗa miki?"

"Haba Baba, ai kowa haka yake rubutawa."

"Kowa ne zai tsaya a gaban alƙalai ran Juma'a?"

Ya nuna mata inda amsar ke cillawa sama ta ɓace. Ta kifa kai a tebur tana kuka. Ya bar ta ta gama, ya tura mata rabin gasasshiyar ayabarsa. Kwana huɗu suna gyara, yana kara takarda dab da hanci, don idon ya gaji.

Ran Juma'a wani baƙon farfesa daga cikin alƙalan ya buɗe shafi na arba'in kai tsaye. "Wannan amsar taki, ina iyakarta?" Solange ta ɗauki alli, ta ɗiga, ta zana akwati. Masu anko suka ɗau guɗa ba tare da sun fahimci komai ba. Baba yana kujerar baya, barci ya sace shi.

Kai ne ka hana mu yin alkawarin da hujja ba ta kai ba, Baba. Gatan masu kuskure, mun gode. Masu riƙe da alli, ga wanda za ku yi koyi da shi.

Watan jiya ya yi ritaya, ba walima, ba lambar yabo. Ranar Litinin ya zo kwashe littattafansa, sai ya ji muryar Solange, wadda ta gaji darasinsa, daga zaurensa tana tambayar wani ɗalibi, "Har ina?"

Ya ajiye ragowar allinsa a bakin taga, ya tafi neman acaba.