Allon da Ya Tsaya Rabin Haske: Ta'aziyyar Abdulmuttalib Kashim

Yau kwana biyar ke nan kwamfutar Malam Abdulmuttalib Kashim tana kunne a shagonsa da ke Gaya, allonta ya tsaya a rabin haske, kuma babu wanda ya taɓa ta. Shi kuwa Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan la'asar. Ya danna kashewa, ya miƙe zai rufe shago, ya dafe ƙirji ya faɗi. Kafin a isa asibiti ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, na san ka shekara tara, tun ina kawo maka labarai kana buga min. Abin da ka fi tsana shi ne a zare wayar wutar kwamfuta da zarar allo ya yi baƙi. Matan da kake koya wa kwamfuta sun sha rasa aikinsu ta haka, domin sun ɗauka injin ya gama, alhali yana tsakiyar adanawa. Ba ka yi musu faɗa ba. Zama ka yi ka gyara manhajar, yadda hasken zai riƙa dushewa a hankali, ba zai ɗauke duka ba sai komai ya adanu. Na ji ka kana tsokanar wata dattijuwa cikinsu: "Hajiya Hure, ko baƙo ai sai ya yi sallama. Bari kwamfutar ta gama sa takalminta."

Wata goma sha huɗu ka yi kana zuwa ƙauyen Toranke a babur, kana ɗaukar hoton tsofaffin littattafan hannu na gidan Malam Suhaibu, shafi bayan shafi, da alwala. Makonni uku da suka wuce ruwa ya rusa ɗakin da suke ciki, tawada ta narke. Hotunan da ka ɗauka kaɗai suka rage, a cikin ma'ajiyar kwamfutar, wadda kai da kanka ka ce ta fara wata irin ƙara, in ta tsaya ba lallai ta sake tashi ba. Shi ya sa ka haɗa sabuwa, ka tsara cewa lokacin kashewa komai zai kwafu zuwa cikinta. Wannan kwafin ne bai nuna ya ƙare ba.

Ƙanwarka Khaula ce ke riƙe da makulli. Hadari ya hana sola caji, batir na ja da baya, kullum sai an aro janareta. Wani daga cikin masu gaisuwa ya ce a kashe a sake kunnawa. Ta tare ƙofa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yaya ya ce sai haske ya ɗauke. Bai ɗauke ba."

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa hidimar da ka yi wa ilimi ta tsaya maka ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hanne, da 'ya'yanka uku, da Khaula, da jama'ar Gaya da Toranke. Allah Ya ba ku haƙuri.

Wani mai gyara daga Kano ya ce zai zo ranar Litinin. Ta waya, ya ce ba zai iya sanin ko injin yana kwafi ko ya maƙale ba sai ya gani. Shafuka dubu huɗu da ɗari biyu ne, kuma har yanzu ba a tabbatar nawa suka tsallaka ba.