Ƙwaryar da Na Kaɗa Ranar Suna

Matso nan, zauna a bakin tabarmar nan kusa da ni. Maganar da zan yi ba irin wadda ake ɗaga murya a kanta ba ce, kuma na daɗe ina juya ta a ciki ni kaɗai.

Tun Nasara na bariki aka kawo ni aure Magariya daga wani ƙauye can wajen Dogo-Dogo. Shekarun nan gyaɗa ta yi daraja. Da kaka jakuna da raƙuma ba sa yankewa a wurin awo, kamyo, babbar motar kaya, na zuwa yana kwasa. Kuɗi ya shiga hannun mutane, har mu mata masu ɗan gayauna da masu tuyar ƙuli-ƙuli. Bayan kuɗin kuma sai ga langa. Fatake ne ke tsallakowa da ita daga wajen Kano, kwanon ƙarfe mai fenti da murfi, an zana masa furanni. Yau ko kaji a tsohuwar langa ake ba su ruwa, na sani. Amma a lokacin in mace ta ɗauko sabuwa, sai an bar daka an leƙo.

A unguwarmu akwai waɗansu matan aure masu ƙuruciya, ba su da yawa, ana ce musu ƴan langa. Suna da nasu salo. Ba sa ɗora kwano a ka, sai a tafin hannu daidai kafaɗa, kuma ba sa danne murfin sosai, don yana ɗan ƙara in suna tafiya. Tun daga zaure za ka san su ne. Kowane zanen langa sun sa masa suna, akwai mai furen kabewa, akwai mai idon zakara. Babbarsu matar mai awon gyaɗa ce, Yaya muke ce mata. In Yaya ta ce wani zane ya tsufa, gobe za ka tarar an mayar da shi layin baya a kowane ɗaki. Kada in ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Tana da kyauta, tana da ban dariya, bakinta ne dai ba ya barin kowa. Maganarta kullum ita ce ƙwarya ta gama zamaninta, in ba a wajen kiɗa ba.

Ni ba mai fita ba ce, har gobe. Ka ba ni tsakar gida da wanda zan yi wa surutu, shi ke nan na ƙoshi. To amma dangarmu ɗaya da gidan Yaya. Ina tankaɗe ina jin dariyarsu, ina jin ƙarar murafai, wani lokaci ina jin ana kwaikwayon yadda nake magana irin ta ƙauye. Ba na jin haushi. So nake a yi dariyar ina ciki, ko da a kan wata ce.

Shekara guda na yi ina matsar mai ina tuya. Duk abin da na samu langa nake saye. Ƙoren da iyayena suka yi mini jere da su na kwashe kaf na kai ɗakin uwar mijina, ta dube ni ta dube su. Ran nan Yaya ta shigo aron rariya, ta tsaya ta ƙare wa ɗakina kallo, ta ce, "A'a, ƴar ƙauye ta waye. Gobe ki shigo, muna suyar waina." Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna.

Yanzu bari in gaya maka wadda maganar take a kanta. Ina da ƙawa a ƙauyenmu. Ba ƙawar hanya ba, ƙawa ta ƙulli, wadda aka raba goro aka shaida tun muna ƴan mata, abin da ya same ta ya same ni. Ba na kiran sunanta ba ta kiran nawa, ƙawa kawai. Su gidansu suna noma suna kuma da shanu. Mace ce marar yawan magana, ni ke zuba ita tana saurare tana murmushi, shi ya sa muka daɗe. Uwarta ta rasu ta bar mata ƙwaryar nono guda ɗaya, fara sol don wanki, da zanen wuƙa a bakinta. A gidan masu shanu ƙwaryar nono ba abin wasa ba ce. Ba a zuba mata wani abu in ba nono ba, ba a kife ta a ƙasa, ba a ba da aronta. Na san wannan sarai, ina yarinya an taɓa buge mini hannu a gidansu don na kai shi kusa da ita ban wanke ba.

Haihuwata ta fari a gida na yi ta, yadda aka saba. Ta biyu a ɗakina, nan Magariya, kuma shi ne bikina na farko tun da na shiga ƴan langa. Ranar suna bayan azahar gida ya cika. Ƴan langa sun zo da abinci a jere, tafin hannu a kafaɗa, sun mamaye ɗakina. Ina zaune a tsakiya da jaririya kamar wata matar sarki.

Sai na ji sallama, muryar da ko a cikin kasuwa zan gane. Ƙawa ce. Ta biyo ayarin masu zuwa kasuwa, ta kwana a hanya, ƙafafunta fari fat da ƙasa, goyo a baya. A kanta ga ƙwaryar nan an rufe da faifai. Ta durƙusa ta sauke a gabana ta buɗe. Nono ne, curin man shanu na yawo a sama, manya-manya.

Ta ce, "Ƙawa, barka da arziki. Na ce mai jego sai da mai."

Na ce, "Ƙawa, da ƙafa? Sannu, sannu. Shigo ki zauna."

Na yi murna, Allah ya sani. Amma ko da nake gaishe ta, gefen idona na kan Yaya.

Yaya ta leƙa ta ce, "Mai kam ya yi kyau. Baƙuwa, a garinku langa ba ta iso ba, ko hanyar ce ba ta da kyau?"

Aka yi dariya. Ƙawa ita ma ta murmusa ta ce, "Nono ba ya son ƙarfe, Yaya."

"To mu nan ya koya. Ku miƙo mai idon zakara a juye."

Aka juye. Har nan ba a yi ɓarna ba. Da na miƙe na karɓi ƙwaryar na ɗora a kan gado, da magana ta ƙare.

A tsakar gida an riga an zuba ruwa a babban mazubi an kife ƙwaryar kiɗa, wadda aka aro daga maƙwabta. Saura ƙarama mai amsa mata. Aka nema aka rasa. Ina za a samu, ni da kaina na kori ƙore daga ɗakina, uwar mijina kuwa ta kulle nata ta tafi raka baƙi. Sai Yaya ta ɗago ƙwaryar ƙawa ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta ce, "Ga ta nan Allah ya kawo. Ta yi tafiyar kwana biyu ta zo wurin aikinta."

Ƙawa ta ce a hankali, "Ta nono ce."

Ba Yaya ta gaya wa ba. Ni take kallo.

Yaya ta ce, "Ai an juye nonon. Mai jego, taso, ke za ki buɗe mana fili. Ko har yanzu ana jin tsoron ƙwarya irin na ƙauye?"

Aka kife ta a ƙasa, a kan wani tsumma. Aka danƙa mini kara biyu. Ka ga, ba wanda ya riƙe mini hannu. Kalma uku ta ishe ni, in ce ta uwarta ce, kuma na san Yaya da ta ji haka za ta ajiye, don ba ta kai nan rashin imani ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne gobe ina tankaɗe zan ji ana kwaikwayona ta bayan danga, ana cewa ta nono ce, ta nono ce. Na ce a raina sau biyu kawai zan taɓa, a hankali.

Na taɓa. Mata suka ɗauki guɗa da tafi, babbar ƙwarya ta shigo, aka fara waƙa ana yabona. Ban taɓa jin an yabe ni a taro ba. Hannuna ya saki. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, daɗi na ji. Na manta da ƙawa tana tsaye a bakin ƙofa. Ina cikin bugu na ji sautin ya canja, ya zama kamar ana dukan buhu. Tsohuwar ƙwarya ce, wanki ya cinye ta. Ta tsage daga baki har gindi.

Wata ta ce, "Ta gaji." Aka sake dariya, aka ci gaba da babbar.

Ƙawa ta zo ta durƙusa ta ɗauka. Ta kakkaɓe ƙasar da bakin zanenta, ta haɗa tsagin tana dubawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta je ta zauna wajen tsofaffi, ta ci abinci kaɗan, ta ɗauki jaririya ta yi mata addu'a. A ɗakin uwar mijina ta sauka, ba a nawa ba.

Da safe da za ta tafi na yi wautar da ta fi ta jiya. Na ciro langata mafi kyau, sabuwa, ko ruwa ba ta taɓa gani ba, na miƙa mata. Har ina jin kaina mai kyauta.

Na ce, "Ƙawa, ga wannan a madadin waccan. Ita ba ta fashewa."

Ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Haka ne, ba ta fashewa." Ta karɓa ta ce Allah ya raya, ta ɗora fasasshiyar a ka, langar kuma ta rataye a ƙullin zane.

Bayan kasuwa biyu wata mai tallar nono daga wajensu ta yi sallama ta miƙo mini langar nan, cike da man shanu har baki. Na tambaye ta saƙo, ta ce ba a ba ta ba, an dai ce a gaida jaririya. Ka san al'adarmu, kwanon da aka ba ka kyauta naka ne, ba ya komawa. Kwanon mutane shi ake mayarwa, kuma ba a mayar da shi wayam. Ta mayar da ni mutane, kuma ta yi shi da mutunci, ba inda zan kama in ce ta yi mini laifi.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in goya ƴata in bi ayari in je in durƙusa. Na ce sai na yi arba'in. Na yi arba'in na ce sai an sha iska. Damina ta sauka na ce sai kaka. Gaskiyar ita ce ina tsoron a ce ina mai jego, a ce ta tafi ƙauye bikon ƙwarya. Kafin kaka ta biyu gadon ƙarfe ya shigo, ƴan langa suka koma maganar gado, ni kuwa ban da shi, aka daina kirana suyar waina ba tare da an yi faɗa ba. Sannan na aika a tambayo mini ita. Aka ce kiwo ya yi musu wuya, sun tashi da shanunsu sun yi gabas, ba wanda ya san inda suka zauna.

Na haifi takwas bayan wannan, ba suna ɗaya da ban saurari sallamarta ba. Ban sani ba ko mai gyartai ya iya ɗinke mata ita, ban sani ba ko tana da rai. Na sha shirya maganar da zan yi mata in Allah ya haɗa mu, ni mai surutu, kuma kullum in na zo daidai wurin da na ji daɗin kiɗan nan sai maganar ta tsaya. Kai da ka saurare ni har ƙarshe, in ta yi sallama gobe ta tsaya a bakin ƙofar nan, da me zan fara?