Ranar da Yaya Ta Kashe Injin

Yayata markaɗe take yi. Injinta na zaure, tsoho ne mai shan dizal, sai an murɗa masa hannu yake tashi. Tun rasuwar mijinta dokarta ɗaya ce: in injin ya tashi da safe ba a kashe shi sai bokitin ƙarshe ya fita, don in ya huce sai ya ga dama yake sake tashi.

Da annoba ta sa aka rufe makarantu, darasi ya koma rediyo. Autarta, da muke kira Ƙwaro saboda ƙanƙantarta, tana ajin ƙarshe, jarrabawa na jiranta. Lissafi kuwa da hantsi ake sa shi, daidai lokacin da layi ya fi tsawo. Ƙwaro ta gwada ƙuryar ɗaki, ta gwada banɗaki, har bargo ta lulluɓa da rediyon manne a kunne. Gida ɗaki biyu, ina ƙara ba ta kaiwa? Na tarar da ita tana kuka, shafinta fari fat.

Washegari ina taya Yaya karɓar aiki, bokiti goma sha ɗaya a jere. Da lokacin darasi ya yi, ta dubi ƙofar ɗaki, ta miƙa hannu ta kashe injin.

"Lafiya, Mai Inji?" in ji wata a layi ta cikin takunkumin fuska. "Waken nan tun asuba yake jiƙe, zai yi tsami!"

"Yarinya na karatu. Ku ɗan yi mini haƙuri."

"Au, mu ma an sa mu a makarantar ke nan?"

Ta ɗauki bokitinta ta nufi injin bakin titi. Uku suka bi ta. Yaya ba ta ɗaga kai ba. Daga ɗaki muna jin muryar malamin tar, Ƙwaro na ba shi amsa da ƙarfi kamar yana ganinta.

Darasi ya ƙare. Yaya ta kama hannun injin ta murɗa. Ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake. Shiru. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, wata kuma ta fara laluben hannun bokitinta. Na sa hannu a kan nata muka murɗa tare, sai ga hayaƙi, zaure ya ɗauki rawa.

Ƙwaro ta leƙo ta ɗaga shafi cike da lissafi. Yaya ta zuba wake, ta ɗaga murya ta saman ƙarar:

"Gobe ma haka ne fa! Mai sauri ta zo da sassafe."

Biyu cikin huɗun nan ba su sake dawowa ba.