Surin Inna

A Danwarai ba a cin naman kaza, wato tsiron nan mai laima da ke fitowa da damina. Ko sunan ma ba a ba shi, duk abin da ya tsiro da ƙafa ɗaya da hula bayan ruwa laimar kwaɗi ce, a take ta a wuce. Inna, mahaifiyata, ita kaɗai ke tsugunawa a gabansa. Daga Kuberi aka auro ta, can wajen Maiyama inda daji bai ƙare ba a lokacin, kuma uwarta Bafillata ce da ta san abin da ake ci a daji da abin da ake bari. Matan unguwarmu sun sha tsokanarta, wai a garinsu har abincin kwaɗi ƙwacewa ake yi. Amma ranar da ta dafa, sai ka ga ana ta shigowa ɗiban wuta da aron muciya, ido yana kan tukunya.

Ni ce 'yar rakiyarta tun ina ƙarama, don haka ni na san yadda ta raba su gida-gida kamar yadda ake raba mutanen gari. Akwai 'yan juji, masu fitowa inda shanun Fulani suka kwana a gona. Farare ne tas, manya, da zobe a wuya, sun fi kowa kyau. Sai ta kifa ɗaya ta nuna mini ƙarƙashin hular, inda yake komawa kore-kore idan ya tsufa, ta ce wanda ya ci wannan zai wuni tsakanin amai da zawo, in ya yi sa'a. Akwai 'yan kututture, masu manne wa ruɓaɓɓen itace, da tauri kamar tafin takalmi. Akwai kuma waɗanda ba su buɗewa sam. Wasu dunƙule suke, rabinsu a cikin ƙasa kamar dankali, idan sun bushe ka taka su sai hayaƙi ya tashi. Wani kuma dogo ne a rufe, shi ake kira tumukun suri. Na taɓa ce mata ai wannan ba danginsu ba ne, tunda ba shi da laima. Ta tsaga ɗanye da farce, ta nuna mini kara ya bi ta tsakiya har sama, ga 'yan ganyayyakin ƙarƙashin hula a cukurkuɗe a ciki.

"Ɗan'uwansu na," ta ce. "Laimatai na ciki, buɗewa ta yaƙ ƙi."

Wanda ake ci kuwa guda ne a wurinta, wanda ke fitowa a jikin suri, gidan gara. Hularsa tana da ɗan tsini a tsakiya, da shi yake huda ƙasa, saiwarsa kuma doguwa ce siririya, tana nutsewa cikin surin har inda hannu ba ya kaiwa. Ba ta fizgarsa, tono shi take yi da tsinken itace a hankali. Wata rana muka tarar da wani suri da masu gyaran hanya suka fasa, ta ɗauko wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma daga cikinsa, da ɗigo-ɗigon fari kamar tsakin gero. Ta ce wannan ce gonar gara. Su ke kai ciyawa da kara can ƙasa su shuka abincinsu, abin da muke ci rarar gonarsu ce da ke ɓullowa idan damina ta kankama.

Inna tana da surinta. Yana gefen gonarmu ta tudu, ƙarƙashin wata kalgo, ya fi mutum tsawo. Ta gano shi a daminarta ta farko a Danwarai, kuma a al'adar garinsu wadda ta fara ganin suri yana haihuwa, nata ne har ta mutu. Da rani takan kai ƙaiƙayi ta zuba a gindinsa, tana cewa ba a cin na mutum ba a ba shi komai ba. Baba yakan yi dariya ya ce yana da surukai a cikin ƙasa bai sani ba.

Yayana shi ne ɗan fari, kuma a nan abin ya kwana. Tun yaye kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Idan tana da saƙo, ni take aika, ko da yana zaune a tsakar gida yana jin ta. Ni kam wannan kunyar ɗan fari haushi take ba ni tun ina yarinya, har yau ban daina jin haushinta ba. Ba don ba ta son shi ba ne, Allah ya sani. Duk hular da ta fi girma a kwanonsa take sauka, ta miƙo mini ta ce, "Kai ma wancan." Ya ci miyar nan shekara da shekaru, amma bai taɓa bin ta gindin suri ba, bai taɓa jin ko kalma ɗaya daga abin da ta koya mini ba.

Da Baba ya rasu, gona ta koma hannun Yaya. Ni kuma an kai ni ɗakina a Jega. Yaya mutum ne mai zuciyar nema, ya faɗaɗa albasa, ya kakkafa rudu a gefen gonar tudu, wato rumfunan ajiyar albasa da ake yi da gwafanni da karan dawa a rufe da ciyawa. Gara kuwa ta ga an kawo mata biki har ƙofar gida. Ta cinye ƙafafun rudu ɗaya ta ciki, ya rushe, albasar ta ruɓe, warin ya kai har hanya. Yaya ya ce zai kira masu diga su baje surin. Labari ya kai kunnen Inna ranar da na zo ganin gida.

"Ce mai kar shi hwasa surin nan," ta ce mini, tana tsinke zogale ba ta ɗago ba.

Yaya yana bakin zaure, ya ji. Ya ce, "Ce mata ba ni hwasa shi." Iyakar maganar da aka yi ke nan, kuma ban taɓa sanin Yaya ya ce zai yi abu ya saɓa ba.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kada Inna ana tsakiyar zafin bazara. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya ɗan karkace, abinci ya fita ranta gaba ɗaya. Na bar yara wurin uwar mijina na dawo jinya. Mun yi kunu, mun yi fura, Yaya ya yanka kaji har matarsa ta fara ɓoye sauran, duk cokali biyu Inna take sha ta kawar da kai. Abu ɗaya take faɗa kullum, cewa a bari damina ta zauna, in ta sha romon naman kazan surinta bakinta zai buɗe. Na san ba magani ba ne. Amma na ga da shi take riƙe da kwanakinta, kamar yadda ake riƙe igiyar guga, don haka ni ma na shiga jiran ruwa tare da ita.

Wata safiya na raka matar Yaya ɗebo albasa, na ga rudu duk a tsaye lafiya, ko tabon ƙasar gara babu a ƙafafunsu. Na yaba. Ta ce ai tun bara maigidan ya huta, ya sayo magani a kasuwar Jega ya dama a jarka, ya ɗura a duk ramukan surin, tun daga ranar ko gara ɗaya ba a ƙara gani ba. Murna take yi tana faɗa. Ni kuwa na bar ta nan na tafi neman Yaya.

Na same shi yana gyaran injin ban-ruwa, ko gaisuwa ban tsaya yi ba.

"Yaya, mi kaz zuba ma surin Inna?"

"Maganin gara na. Surin ko ban taɓa shi ba, ga shi nan tsaye awa yadda tab bar shi."

"To wa ka noma naman kazan in ba garar ba? Ka kashe masu gida ka bar bango!"

Ya dube ni kamar na zare. "Ke dai hwaɗa gare ki tun kina ƙarama. Ruwa ka hidda naman kaza, mi ag gamin shi da gara?"

Na faɗa masa duk abin da na sani, da ihu na faɗa, har maƙwabcin gona ya leƙo. Ya ci gaba da murza ƙusa da hannu mai baƙin mai. Ya ce bara ai bai fito ba, ita ma Inna ta ce wata shekara sukan huta. Ya ce mu jira ruwa. Na ga bai yarda da ni ba, na kuma ga tsoro ya shige shi.

Ruwa ya sauka, kuma daminar ta yi kyau. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Duk safiyar da aka kwana da ruwa da tsawa, Inna takan ce in je in duba. Ina zuwa sai in tarar da sawun Yaya ya riga ni, ya zagaya surin ya koma. 'Yan juji sun fito farare a inda shanu suka kwana, masu dunƙulewa sun fito a bakin hanya, surin Inna kuwa ko tsaga bai yi ba. Na riƙa dawowa ina cewa da saura. Ta tambaye ni ko shinge ya tashi daga surin a ruwan farko, wato garar nan mai fiffike, na ce ban lura ba. Ta daɗe tana kallona da idonta mai lafiya.

Da gero ya fara bununi ta ce a kai ta gindin surin. Na ce jikinta ba zai ɗauka ba, ta ce ba shawara ta nema ba. Yaya ya ɗaura shanu a amalanke, muka shimfiɗa mata katifa, ya riƙa jan su a hankali yana kauce wa kowane rami. A haka muka isa gindin kalgo. Ya matsar da amalanken dab da surin. Ta miƙa hannun dama ta shafa jikinsa, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce in ɓanɓare gefe kaɗan da fartanya. Na ɓanɓara. Da can, in ka yi haka, kafin ka miƙe tsaye gara sun firfito da jajayen kawunansu, wasu na ɗauke da laka suna toshe ɓarakar. Muka tsaya muna kallon ramin. Ƙasa busasshiya ta zubo, sai wani gizo-gizo ya fito ya gudu.

"Sun tashi," in ji Inna. "Ko ko an tashe su."

Yaya ya durƙusa a cikin laka a gefen amalanken. Ƙaton mutum mai furfura a gemu. Karo na farko a rayuwata da na ji ya yi mata magana kai tsaye.

"Inna, ni na. Magani niz zuba. Wallahi ban sani ba."

Na ɗauka yau dai za ta dube shi. Hannunta bai fi taƙi ɗaya da kansa ba, ni kuma a raina ina roƙon Allah ta ɗora masa shi. Ta juyo gare ni, hawaye na bin gefen bakinta da ya karkace.

"Ce mai ya cika alkawali. Abin da nic ce shi yay yi. Ce mai shi tashi, laka na ɓata mai tuhwa."

Na kasa maimaitawa, ba kuma buƙata. Na tsani kunyar nan a ranar fiye da kowace rana, na kuma ji tausayin su biyun. Da muka koma gida Yaya ya hau mashin ya tafi Kuberi, ya bi rugage yana tambaya, ya dawo da ƙullin naman kaza mai kyau na wani suri. Na dafa shi yadda take dafawa, da ɗan daddawa da man shanu. Ta sha cokali biyu, ta sa albarka, ta ce a kai wa wancan sauran. Ba ta ƙara tambayar ruwa ba. Ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero.

Surin da babu gara a ciki ba ya daɗewa, kowace damina sai ta ci wani abu daga jikinsa. Maƙwabta sun sha ce wa Yaya ya baje shi ya ƙara kunya biyu ta dawa, ya ƙi. Bara na je gida gab da saukar ruwa, matarsa ta ce yana gona. Na hango shi daga nesa a gindin kalgo, ya tuɓe riga, ya kwaɓa laka da ƙaiƙayi a cikin kwanon gini, yana yaɓe tsagogin surin da tafin hannunsa. Matarsa ta ce haka yake yi duk shekara. Ya ga ni, bai daina ba, ya ce in miƙo masa ruwa lakar ta fara bushewa. Na ɗauki bokitin na miƙa masa.