Saƙon Madam ta Bakin Murjanatu

Murjanatu 'yar unguwar Dilimi ce, kuma ta daɗe tana ɗura burodi a leda a wani gidan burodi da ke Daɗin Kowa. Karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare, shekarar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu. Da wannan aiki take ciyar da su.

Ranar da rayuwarta ta juya, Mahdi manaja, mai taƙama da digiri, ya tara ma'aikata yana faɗa. Ya nuna ta da biro ya ce, "Irin su Murjanatu, ai dead wood ne." Ta ɗauka yabo ne, ta rusuna ta ce, "Tankiyu sa." Wurin ya kece da dariya, har mai gasa burodi ya riƙe ciki. Daga ranar sunanta ya koma Tankiyu Sa.

Ƙanwarta Kubra, mai karatun jinya, ita ta fassara mata: busasshen reshe ne, wanda ba a jiran komai daga gare shi sai sara. Murjanatu ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ashe Turawa ma suna habaici. To, koya mini."

Ta koya kuwa, a keke, a bakin murhu, a layin famfo. Ta gane in sun ce ana ruwan kyanwa da kare, ba dabba ko ɗaya a sama. Amma a wurin aiki ba ta nuna ba. Shi kuwa Mahdi kullum cewa yake ƙarshen wata zai sallame ta.

Wata Laraba mai gidan burodin, Madam Ogochukwu, ta bugo waya daga Abuja. Mahdi ba ya nan, ya ɗauki motar rarraba burodi ya tafi Bukuru harkar gabansa, kamar yadda ya saba. Murjanatu ce ta ɗauka.

"Tell him he is on thin ice," in ji Madam cikin fushi. Ta ƙara da cewa tana nan tafe ba sanarwa, kuma in ta tarar motar ba ta nan, ya kuka da kansa.

Murjanatu ta gane sarai: tsayuwa kan siririyar ƙanƙara, wani habaicin Turawa ne. Mutumin yana bakin rami ne, kalma ɗaya daga bakinta za ta janye shi. Ta tsaya da wayar a hannu, dariyar ranar nan tana dawo mata a kunne.

Da ya dawo ta ce, "Oga, Madam ta kira. Wai wani abu kan ƙanƙara."

"Ƙanƙara?" Ya yi tsaki. "Firij take nufi. Ke dai Allah ya sawwaƙe miki, Tankiyu Sa."

Ranar Asabar Madam ta iso, masu shaguna cike da ƙofa suna jiran burodi, mota kuma tana Bukuru. Da Mahdi ya dawo da motar, a gaban kowa Madam ta karɓe makullan daga hannunsa.

Mahdi ya nufo Murjanatu. "Ke! Me ta ce miki a waya?"

"Haba Oga, busasshen reshe ina ya ga kunnen jin Turanci?"

Ta ƙulle bakin ledar da ke hannunta, ta ɗan rusuna kamar wancan karon.

"Tankiyu sa."